Ranar da Tudora Ta Sayi Leda

A duk unguwarmu ta bayan tashar jirgin ƙasa a Caracal, babu wanda zai ce ya taɓa ganin Gherghina Stoenescu ta fita ba leda a aljihunta. Ko coci za ta, ko jana'iza, ko zubar da shara, akwai leda ninke a aljihun rigar sanyinta. Ta saba tun zamanin layi, lokacin da in ka ga mutane sun jeru sai ka shiga bayansu tukuna, sannan ka tambayi abin da ake sayarwa. Wanda ya zo ba jaka a wancan zamani, shi ya san yadda zai kai ƙafafun kajinsa gida.

Daga ƙauye ta zo gari tana budurwa, aka ɗauke ta aiki a masana'antar da ake cusa tattasai da kokwamba cikin kwalabe. Inda aka ajiye ta shi ne ƙarshen layi, ta riƙa duba murafe. Kwalba ta zo, ta ƙwanƙwasa murfin da farce, ta kasa kunne, ta ɗaga ta a haske. Wadda ba ta yarda da ita ba ta ture ta gefe. Wato dai zargi aka biya ta ta yi tun tana da ƙuruciya har furfura ta fito mata. Da aka rufe masana'antar aikin ya ƙare, amma halin ya biyo ta gida. Mai kawo wasiƙa in ya gaishe ta da fara'a, sai ta duba ko an buɗe ambulan. Mai nama in ya ƙara mata tsoka, sai ta sunsuna. Mijinta Stelian, Allah ya ji ƙansa, yakan ce ranar aurensu ma sai da ta ciji zoben kafin ta ba da yatsa. Ƙarya yake mata, amma kowa ya ji sai ya yarda.

Stelian ya rasu. Ɗanta guda yana Sifen yana aikin gini, yana kira ranar Lahadi, ita kuma tana sauraron muryarsa don ta gano abin da yake ɓoyewa. Ya rage mata mutum ɗaya tak a duniya da ba ta taɓa zargi ba, Tudora Bălașa, wadda ƙofarta ke kallon tata a hawa na uku.

Tare suka yi aiki, tare aka ba su gidaje a bene ɗaya, tare suka zama zawarawa. Tudora 'yar ƙarama ce, ga dariya ba wuya, ba ta taɓa haihuwa ba. Danginta da ya rage 'yar ƙanwarta ce, Mirela, da ke birnin Craiova, wadda ake gani shekara shekara. Kowacce a cikin tsofaffin nan biyu tana riƙe da makullin ɗaya. Kullum da safe Tudora za ta tsallako da silifa, Gherghina ta dafa kofi, su zauna su yi wa unguwa hisabi. Gherghina ba ta taɓa faɗa da baki ba, amma ta san in babu wannan tsallakowar, za ta iya kwana uku a ƙasa ba wanda ya sani.

Da aka gina babban kantin nan mai araha a filin tsohuwar masana'antarsu, mutane suka yi ta murna. Ga fitilu, ga keken turawa, ga leda kyauta, ka ɗauki iya son ranka. Tudora ta dawo da fara'a har kunne.

"Gherghina, kin ga ikon Allah? Ko albasa ɗaya kika saya sai su ba ki leda. Mai kauri kuwa!"

"Banza ba ta kai zomo kasuwa," in ji Gherghina. "Tsaba suke watsa mana. Ki jira ki ga ranar da za a ja zaren."

Amma fa ba ta ƙi ɗauka ba. Ta ɗauka, ta tara, ta cusa ledoji cikin wata babbar leda da ta rataya a bayan ƙofar kicin, kamar yadda kowace mace mai hankali take yi a ƙasar nan.

Ranar kuwa ta zo. Suna tsaye a wajen biya, Tudora ta miƙa hannu za ta zari leda, sai yarinyar da ke kan na'ura, Ramona, jikar wata da suka yi aiki tare, ta ce, yadda yara ke kiran manyan mata a nan, "Tanti, yanzu fa ta kuɗi ce. Sun ce don a rage shara ne."

Gherghina ba ta taɓa jin daɗin mummunan labari kamar wannan ba. Ta juya ta dubi duk mutanen da ke layi, ɗaya bayan ɗaya, kamar ta ci shari'a.

"Shara! Yanzu suka san da shara? Ke Ramona, dubi abin da aka rubuta a jikin ledar nan. Sunana ne?"

"Sunan kanti ne, Tanti."

"Ato. In saya da kuɗina, in ɗauka a hannuna, in zaga gari ina yi musu talla. Su ya kamata su biya ni!"

"Ni dai aiki nake, Tanti."

"Kakarki ma haka take cewa in an kama ta da kwalba a cikin zane."

Layi ya kwashe da dariya, har ita Ramona. Gherghina ta zaro tata daga aljihu, ta kaɗa ta da ƙarfi har ta yi ƙara, ta zuba kayansu su biyu. A bakin ƙofar kantin ta tsayar da Tudora.

"Rantse. Daga yau ko ƙwai ne za mu riƙo shi a tafin hannu, amma ba za mu ba su ko sisi a kan leda ba."

Tudora tana dariya ta yi alamar gicciye. "Na rantse. In na saya, hannuna ya bushe."

Daga nan sana'ar ledoji ta dawo kamar zamanin da. A wanke da sabulu, a juya ciki waje, a shanya a baranda da maƙale, a ninke. In ka ɗaga kai a gaban benenmu za ka ga barandu biyu a hawa na uku ledoji suna kaɗawa, kamar wankin jarirai. Matasa suna dariya. Tsofaffin biyu ko a jikinsu, sun ga abin da ya fi wannan.

Aka yi shekaru a haka. Sai wata Laraba cikin kaka, Gherghina ta shiga kantin ita kaɗai neman yis, domin Tudora ta ce kanta na ciwo ba za ta fita ba. Tana zagayowa ta bayan tarin garin masara sai ta hango ɗankwalin da ta sani a wajen biya. Tudora ce, mai ciwon kai. Gherghina ta maƙale a bayan buhuna. Da idonta ta ga Tudora ta sunkuya, ta zaro sababbin ledoji, manya masu hannu, ba ɗaya ba, ba biyu ba, ta ɗora a gaban Ramona, ta biya. Ta ninke su da sauri ta cusa ƙarƙashin riga, tana waige waige kamar wadda ta saci kaza.

Gherghina ta manta da yis. Ta tsaya har Tudora ta fice, sannan ta nufi Ramona.

"Me ƙawata ta saya?"

"Kai, Tanti, ai ba a faɗin sayayyar mutane."

"Ni na yi miki wankan farko, kada ki kawo mini iyayi."

Ramona ta rage murya. "Yau dai leda kawai. Amma makon jiya ta sayi tawul da zanen gado. Ta ce kada in gaya miki."

Kada a gaya mata! Gherghina ta fito daga kantin. Ba kuɗin ledar ne ya dame ta ba, ba kuma rantsuwar ba. Matar da ta san adadin haƙoran da suka rage mata a baki, yau ita ke ɓoye mata abu. Ruwa ba ya tsami banza.

Washegari Tudora ta tsallako shan kofi kamar ba abin da ya faru. Gherghina ta zuba mata, ta zauna tana kallon ta ta gefen ido.

"Ya kan?"

"Da sauƙi. Kwance na yini jiya."

"Kwance."

"Kwance, 'yar uwa."

Gherghina ta haɗiye maganar tare da kofi. Ba ta cikin masu tambaya kai tsaye, domin a ganinta tambaya dama ce kake ba maƙaryaci ya gyara ƙaryarsa. Sai ta sa ido. Da ta sa ido kuwa abubuwa suka yi ta fitowa. Tudora ta fara hawa motar Craiova da sassafe, wani lokaci sau biyu a mako, ta dawo da yamma a gajiye, ta ce ta je gyaran tabarau. Tabarau nawa mutum ɗaya yake da su? In wayarta ta yi ƙara sai ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Ta daina cinye kek ɗin da ake ajiye mata, ta ce azumi take, a ranar da babu wanda ke azumi a duk faɗin cocin. Wata rana ma Gherghina ta fito daga kicin ta tarar da ita tsugune a bakin ƙofa da takalmin Gherghina a hannu tana juya shi.

"Me kike nema a takalmina?"

"Gizo-gizo na gani ya shiga."

Craiova na nufin Mirela. Gherghina ta haɗa wannan da wancan, biri ya yi kama da mutum. Kowa a garin nan ya san labarin tsofaffin da dangi ke lallaɓawa su sa hannu a takardar gida, a ce za a kula da su, daga baya a kai su gidan tsofaffi a rufe ƙofa. Tawul, zanen gado, sababbin ledoji don kada a shiga gidan mutane da wankakku a ji kunya. Tafiya Tudora za ta yi. Za ta sulale ta bar ta, a sa baƙi a gidan da ke kallon nata, masu kare da kiɗa, waɗanda ba su san sunanta ba.

Tsoro ne ya kama ta, amma Gherghina ba ta san yadda ake jin tsoro ba sai ta hanyar fushi. Ranar da Tudora ta sake hawa motar Craiova, ta ɗauko makullin amana, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta buɗe gidan ƙawarta ba da saninta ba.

A ɗakin kwana ta same su, jere a bayan labule, ledoji sababbi fil, ko tamoji babu. Ta leƙa ɗaya bayan ɗaya. Zanen gado da matashi. Tukunya, faranti, kofi, cokali. Rigar barci. Doguwar riga shuɗiya da ɗankwali mai furanni, da safa. A ta ƙarshe takalmi baƙi na fata, mai kyau, irin wanda Tudora ba ta taɓa saya wa kanta ba. Gherghina ta ɗaga shi. Ya yi wa Tudora girma nesa ba kusa ba, ita da ƙafarta kamar ta 'yar makaranta.

"Mirela," ta ce da ƙarfi a ɗakin da ba kowa. "Gidan bai ishe ki ba, har takalmi sai tsohuwa ta saya miki."

Da wata ce daga cikin matan ƙauyensu ta ga tukunya da faranti da zanen gado da sutura tun daga kai har ƙafa, duka sababbi, da ta yi alamar gicciye ta fita da sanɗa, domin ta san me ake haɗa irin wannan kaya dominsa. Gherghina ma ta sani, a ƙauye ta girma. Amma ɓarawo take nema, idonta bai ga komai ba sai sawun ɓarawo.

Da safe Tudora ta ƙwanƙwasa, Gherghina ta buɗe ƙofa kaɗan ta tsaya a ciki.

"Kofi ya ƙare."

"Ai ina da shi, bari in ɗauko."

"Ki ajiye. Za ki buƙace shi a inda za ki. Na ji ba sa ba mutane mai kyau a can."

Tudora ta dube ta. Fuskarta ta sauya. "Wa ya gaya miki?"

"Ina da ido. Ki gaida Mirela."

Ta rufe ƙofa. Ta tsaya a bayanta tana jin Tudora ba ta motsa ba, har can ta ji jan silifa, da ƙarar ɗayar ƙofar. Ta ci nasara, ta kama mai laifi, amma ta kasa haɗiye ko burodi a ranar. Kwanaki suka wuce ba mai tsallakowa. Gherghina tana dafa kofin mutum biyu bisa sabo, ta zubar da rabi, ta zagi kanta a kan asara.

Ranar Asabar da hantsi ta ji takun mutane a matakala, da muryar namiji, da ƙanshin turaren coci yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ta leƙa ta ramin ƙofa ta ga bayan baƙar rigar fada, limamin cocinsu, yana sauka. To, har addu'ar bankwana an yi. Tana nan tsaye aka ƙwanƙwasa.

Tudora ce, cikin rigarta ta zuwa coci. Ledojin nan duka suna jere a gabanta a kan dandamali, an ƙara wata da zagayayyen burodi da kwanon dafaffiyar alkama mai sukari, irin wadda ake rabawa don mamaci. A hannunta kyandir siriri yana ci. Ta ɗauki ledar da ke da shuɗiyar riga ta miƙo, tare da kyandir ɗin, ta faɗi kalmomin da ake faɗa.

"Karɓi, Gherghina. Sadaka ce, don ran Tudora."

Gherghina ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Sadakar mai rai ce. A yankinmu wanda ba shi da ɗa ko jikan da zai yi masa sadaka bayan ransa, shi ke yi wa kansa tun yana numfashi. Ya sayi gado da tukunya da sutura, komai sabo, fada ya sa albarka, ya ba wani sa'ansa. Abin da wancan ya sa a nan, shi mai bayarwa zai tarar a can lahira.

"Mirela fa?" Abin da ya iya fitowa daga bakinta ke nan.

"Wace Mirela? Yarinyar da ko lambar wayata ba ta da ita? Asibiti nake zuwa, Gherghina. Sun gama abin da za su yi. Sun ce in koma gida in ci abin da raina ke so, alhali raina ba ya son komai."

"Ƙarya suke. Likitoci duk maƙaryata ne, so suke ki yi ta komawa. Wanne ne ya faɗa? Ya nuna miki hoton? Kin tabbata naki ne ba na wata ba?"

"Nawa ne."

"Shi ne kika ɓoye mini? Kika gaya wa Ramona, jikar ɓarauniyar kwalba, ni kika bar ni?"

"Ramona tawul kawai ta sani. Ke kuwa da na gaya miki, da kin je kin shaƙe likitan, a kore mu duka."

Gherghina ta dubi ledojin, ta dubi takalmin da ke leƙowa daga ta ƙarshe. Yanzu ta gane ƙafar wa aka auna. Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe ta.

"Ni ba mutum ba ce? Ni mutuwa na yi, da za ki ce ba ki da mai yi miki? Da ni zan yi miki komai, har abin da uwa ba ta yi wa 'ya ba!"

"Na sani," in ji Tudora, dariyar nan tata ta ɗan leƙo. "Shi ya sa na riga ki. Ke da na sani, a wankakkiyar leda za ki aiko mini da kaya. In tsaya gaban mala'iku da leda mai ƙarnin kifin bara, kowa da sabuwarsa. A'a, 'yar uwa. Na sha layi da tsohuwar jaka a duniya, can dai da sabuwa zan shiga."

"Kin rantse hannunki ya bushe."

"Ai ga shi yana bushewa. Karɓi mana."

Gherghina ta karɓa, don ba a barin hannun mai sadaka a miƙe. Amma karɓa rabin aiki ne. Sai mai karɓa ya ce bogdaproste, wato Allah ya gafarta, sannan sadaka take isa inda aka aike ta. In bai faɗa ba, riga ta tsaya riga, tukunya ta tsaya tukunya, mai bayarwa ya isa can hannu rabbana. Gherghina ta faɗi kalmar nan sau ba adadi a rayuwarta, a ƙofar coci, a maƙabarta, da baki cike da alkama, ba ta taɓa jin nauyinta ba. Yau ta ga in ta faɗa, ta sa hannu ke nan. Ta yarda da likitocin, ta yarda gidan da ke kallon nata zai zama kango.

Ta datse baki.

"Gherghina."

"Ba zan faɗa ba. Mu je Bucharest a sake dubawa. Ɗana zai turo kuɗi."

"Gherghina, kakin kyandir yana zubo miki a hannu."

"Ya zubo."

"Ba ni da wata fa. Duk garin nan na duba, ke kaɗai ce in kin ce abu Allah zai san ba ladabi kike yi ba. Kada ki sa in tafi tsirara."

A ƙasa wani ya buɗe ƙofar bene, iska ta hauro ta kaɗa harshen kyandir. Gherghina ta kare shi da tafin hannu ba tare da ta yi tunani ba. Ta buɗe baki, ta faɗa ƙasa ƙasa.

"Bogdaproste."

"Ban ji ba."

"Bogdaproste!" Ta faɗa da ƙarfin da ya sa aka buɗe ƙofa a hawa na biyu. Hawaye na zuba, ba ta da hannun sharewa.

Tudora ta sauke dogon numfashi, ta jingina da bango, ta lumshe ido. "Madalla. To matsa in shiga in zauna. Tun da fada ya zo ƙafafuna ke rawa."

Gherghina ta ajiye ledar, ta kama ta a damtse don ta taimaka mata ta haye dokin ƙofa. Yatsunta suka zagaye damtsen suka haɗu. A ƙarƙashin rigar cocin babu komai sai ƙashi. Tun farkon kaka take bin matar nan da ido, ta san motar da take hawa, ta san abin da ke bayan labulenta, amma ba ta ga ta rame ba.